A Auna Maganin Tarin Fuka Kafin A Zargi Majinyaci

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa ɗaya daga cikin asibitocin da ake ba da maganin tarin fuka a ƙasar nan, ya tarar da majinyata zaune a jere bisa benci, kowa riƙe da katinsa da ɗan kofin ruwa, ma'aikacin lafiya kuwa tsaye a kansu ba ya ɗauke ido sai ya ga ƙwaya ta wuce maƙogwaro sa'an nan ya sa alama a takarda, lalle zai shaida cewa da wuya a sami wata cuta da ake tsare mai ita da ido kamar yadda ake tsare mai wannan tari. Wanda gidansa ya yi nisa akan naɗa masa wani daga cikin danginsa ko maƙwabtansa ya riƙa tsayawa a kansa kullum, wanda ya yi fashin kwanaki a bi shi har gida, wanda kuwa ya bari gaba ɗaya a rubuta sunansa cikin waɗanda suka guje wa magani. Wannan tsari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa shi bayan da ta ayyana tarin fuka a matsayin bala'in da ya shafi duniya baki ɗaya a shekarar 1993, ya ceci rayuka masu yawan gaske, ba ni kuwa da abin da zan ce game da shi sai yabo.

Amma akwai wata mas'ala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake so in shimfiɗa ta gaban masu karatu da mahukunta, ita ce: mun tabbatar majinyaci ya haɗiye ƙwaya, to, wa ya tabbatar mana da abin da ke cikin ƙwayar da ya haɗiye? Idan wata shida suka cika tari bai tafi ba, ko ya tafi ya dawo, galibi bakinmu ɗaya wajen cewa mutumin bai sha magani yadda ya kamata ba, ko ya haɗa shi da jiƙe-jiƙe, ko ya ji sauƙi ya watsar. Da wuya ka ji wanda ya ce a ɗauko ragowar ƙwayoyin a auna. Alhali kuwa ba a yanke hukunci tsakanin biyu sai an saurari kowane ɓangare, kuma a wannan shari'a majinyaci ɓangare ɗaya ne kawai, ƙwayar ita ce ɓangare na biyu. Ra'ayina, wanda zan kafa masa hujja a nan, shi ne auna ingancin maganin tarin fuka a kusa da inda ake shan sa wajibi ne, kuma abu ne mai yiwuwa, domin kayan yin sa sun samu, suna da araha, ba sa kuma bukatar ginin bene ko wutar lantarki mai ɗorewa.

Kafin a gane girman al'amarin sai an san halin cutar kanta. A ranar 24 ga Maris 1882 ne likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya bayyana wa duniya ƙwayar cutar da ke haddasa tarin fuka, shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. Amma sai da aka shafe fiye da shekara 60 bayan haka kafin a sami maganin farko mai kashe ta, wato allurar istiraftomaisin, wadda aka gano a Amurka a 1943. Murnar ba ta yi nisa ba, domin gwajin da likitocin Ingila suka buga sakamakonsa a 1948 ya nuna cewa idan aka yaƙi cutar da magani ɗaya tilo, cikin 'yan watanni sai a tarar ƙwayoyin cutar da suka saura a huhu sun daina jin sa. Dalili kuwa shi ne, a cikin miliyoyin ƙwayoyin cuta da ke cikin huhun mutum ɗaya, ba a rasa 'yan ƙalilan da halittarsu ta ɗan sauya ta yadda wani magani ba ya taɓa su. Idan maganin ya kashe saura, sai fili ya zama nasu, su hayayyafa su cika huhun. Daga nan likitoci suka kafa ƙa'idar da har gobe ita ce ginshiƙin aikin, cewa ba a tunkarar wannan cuta sai da magunguna da yawa a lokaci guda, domin wadda ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya riske ta.

A yau magunguna huɗu ne ake haɗawa: aisoniyazid da firazinamaid, waɗanda suka shigo a farkon shekarun 1950, da itambutol da rifamfisin, waɗanda suka biyo baya a shekarun 1960. Akan sha huɗun tare tsawon wata biyu, sa'an nan a ci gaba da rifamfisin da aisoniyazid kaɗai tsawon wata huɗu. Domin a sauƙaƙa wa majinyaci, an dunƙule su cikin ƙwaya ɗaya mai ɗauke da miligiram 150 na rifamfisin, da 75 na aisoniyazid, da 400 na firazinamaid, da 275 na itambutol, kuma babban mutum mai cikakken nauyi yakan sha huɗu kullum, wato kusan ƙwaya 700 ke nan kafin ya gama. To, sai mai karatu ya dubi waɗancan wata huɗu na ƙarshe da idon basira. Idan rifamfisin da ke cikin ƙwayar ya gaza abin da aka rubuta, ko ya lalace, ko kuwa ƙwayar ba ta narke a ciki ba, to, bawan Allah nan da ke zuwa asibiti kullum ba fashi, haƙiƙa magani ɗaya tilo yake sha ba da saninsa ba, an mayar da shi halin da likitocin 1948 suka yi gargaɗi a kansa, kuma jikinsa ya zama makarantar da cutar ke koyon bijire wa magani.

Abin da ke biyo bayan wannan kuwa ba ƙaramar musiba ba ce. Tarin da ya bijire wa rifamfisin da aisoniyazid duka, a da sai an yi wata 18 zuwa 24 ana jinyarsa, tare da allurai na watanni waɗanda suka kurmantar da mutane da yawa. Ko yanzu da aka sami sabon haɗi na wata shida wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022, kuɗinsa ya ninka na tari na yau da kullum sau da yawa. Mai irin wannan tari kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba, domin matarsa da 'ya'yansa da waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi, idan suka kamu, da bijirarriyar cutar za su kamu tun daga ranar farko. Ƙididdigar Hukumar ta nuna cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka rasu, kuma kimanin 400,000 tarinsu ba ya jin rifamfisin. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu cutar, inda ake ƙiyasin kusan rabin miliyan suna kamuwa kowace shekara. Ƙasar da ke ɗauke da irin wannan kaya ba ta da sararin da za ta bar ingancin magani a hannun zato.

Magani yakan ɓaci ta hanyoyi uku, kuma ya kamata a rarrabe su, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne jabu, wanda wani maha'inci ya zauna da gangan ya ƙera shi da gari ko alli ko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na sinadarin gaskiya, ya kwaikwayi kwalin kamfani da hatiminsa. Na biyu shi ne wanda kamfani mai rajista ya yi, amma sakaci ko ƙarancin ƙwarewa ko rowar kayan haɗi suka sa bai cika mizani ba. Rifamfisin kuwa ya shahara da wuyar sha'ani a nan, domin tun a shekarun 1980 masana suka lura cewa idan ba a iya haɗa shi da sauran ba, jiki ba ya tsotsar isasshensa. Na uku shi ne wanda ya fito daga kamfani lafiya lau, sa'an nan ya lalace a hanya ko a ajiya. Wannan na uku shi ya fi kusa da mu, domin a jikin kwalin akan rubuta kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30 ko ma ƙasa da haka, alhali kowa ya san yadda Sakkwato da Maiduguri da Nguru suke haura digiri 40 a bazara, balle cikin shagon kwano ko bayan babbar mota da ta wuni a rana. Idan damina ta zo kuma, itambutol yana da ɗabi'ar jan laima, laimar kuwa tana gaggauta lalacewar rifamfisin a gefen aisoniyazid. Ƙwayar tana nan da jar kalarta, kwananta bai ƙare ba a rubuce, amma ƙarfinta ya ragu.

Kada wani ya ce wannan tsoratarwa ce marar tushe, domin an auna an gani. A 1999 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Botsuwana a kan samfur 13 na haɗaɗɗiyar ƙwayar tarin fuka, aka tarar 4 ba su cika ƙa'ida ba. A 2001 masu bincike daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka tattaro samfur 40 daga Kolombiya da Istoniya da Indiya da Latbiya da Rasha da Biyetnam, suka tarar 4 daga ciki ba su kai kashi 85 cikin 100 na abin da aka rubuta ba. A 2013 kuma Roger Bate da abokan aikinsa suka buga nazarin da suka yi a kan fakiti 713 na rifamfisin da aisoniyazid waɗanda suka saya a shagunan magani na birane 19 a ƙasashe 17, har da Legas da Akara, inda kashi 9.1 cikin 100 suka faɗi gwaji, a biranen Afirka kuwa adadin ya kai kashi 16.6, wato kusan ɗaya cikin kowane shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ko dai jabu ne ko marar inganci. Abin lura a nan shi ne, waɗancan bincike uku na farko duk da gwaji mai sauƙi aka gano abin da aka gano, irin wanda ake iya yi a kan tebur.

Adalci ya wajabta mini in faɗi wani abu a nan da babbar murya, kada maganata ta zama sanadin wani ya ajiye maganinsa. Maganin da gwamnati ke bayarwa kyauta a cibiyoyin tarin fuka, galibinsa ana sayo shi ne ta hannun asusun samar da magungunan tarin fuka na duniya da aka kafa a 2001, daga kamfanonin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance, kuma shi ne mafi amincin abin da majinyaci zai samu. A binciken da Hukumar ta buga a 2011 kan ƙasashe shida na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, an auna samfur 291, kimanin kashi 11 cikin 100 suka gaza, amma ko ɗaya daga cikin waɗanda ta tantance bai gaza ba. Haɗarin yana wajen wannan da'ira: a kemis ɗin unguwa da mai tari ke fara zuwa kafin ya tuna da asibiti, a wurin mai tallar magani a tasha da kasuwar ƙauye, a ƙaramin asibitin kuɗi da ke sayo kayansa daga inda ya fi araha, da kuma lokacin da kaya suka yanke a cibiya aka ce wa majinyaci ya je ya nema a waje. Hatta maganin kirkin ma, tantancewar da aka yi masa a kamfani ba ta ba da labarin abin da ya same shi bayan wata takwas a ɗakin ajiyar da ba shi da silin.

Idan aka kawo wannan magana, amsar da aka saba ji ita ce auna magani aikin manyan ɗakunan gwaje-gwaje ne, na'urarsa tana cin miliyoyi, tana bukatar wuta da sanyi da ƙwararre, kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da irin waɗannan ɗakuna a Yaba ta Legas da Kaduna da Maiduguri da wasu wurare. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ce. Ɗakuna 'yan ƙalilan ba za su iya auna kayan dubban shaguna da cibiyoyi ba, kuma kafin samfur ya tashi daga wani ƙauye ya isa can, ya bi layi, sakamako ya dawo, an riga an shanye kwalin. Saboda irin wannan giɓi ne wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Jamus ta fito a 1998 da abin da ta kira Minilab, wato ɗakin gwaji sukutum da aka tattara cikin akwatunan da za su shiga bayan mota, da kwalabe da sinadarai da samfurin magani na gaskiya domin kwatantawa da littafin jagora, wanda a yanzu ake iya auna sinadaran magani fiye da 100 da shi, har da huɗun nan na tarin fuka, kuma ya shiga ƙasashe masu yawa. NAFDAC kanta ta san shi, ta kuma yi aiki da shi, musamman a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro.

Bari in bayyana yadda aikin yake, domin mai karatu ya ga cewa ba wani sihiri a ciki. Matakin farko ido ne kawai: a dubi kwali da rubutunsa, da lambar rajista, da lambar rukunin da aka yi shi, da ranar ƙarewa, a gwada da kwalin da aka tabbatar na gaskiya ne, sa'an nan a dubi ƙwayar ko ta tsage, ko ta yi dabbare-dabbare, ko ta kumbura, ko ta manne da 'yar'uwarta. Mataki na biyu ruwa ne: a zuba ruwa mai ɗumin jikin mutum, wato digiri 37, cikin kwalba, a jefa ƙwaya, a riƙa ɗan juyawa ana duban agogo. Ƙwayar kirki za ta wargaje kafin minti 30. Wadda ta wuce haka tana nan daram kamar tsakuwa, akwai tsoron ta ratsa cikin mutum ba tare da ta saki abin da ke cikinta a kan lokaci ba, ko da kuwa sinadarinta cikakke ne. Kwalba da ma'aunin zafi da agogo, iyakar kayan wannan mataki ke nan.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila ya riga ya fahimci asalinsa. Akan daka ƙwaya a narkar da ita cikin wani ruwan sinadari gwargwadon awo, a ɗauki ɗan ɗigo a ɗiga a gindin wani ɗan faranti mai fuska kamar an shafa masa farin alli. A gefensa kuma sai a ɗiga biyu daga maganin gaskiya: ɗaya mai cikakken ƙarfi, ɗaya wanda aka tsinka shi zuwa kashi 80 cikin 100, wanda shi ne iyakar ƙasa. Sa'an nan a jingina farantin a tsaye cikin kwalba mai ɗan ruwan sinadari a gindinta, a rufe. Ruwan zai riƙa hawa a hankali yana jan abin da aka ɗiga, kuma da yake kowane sinadari da irin nisan da yake iya tafiya, cikin kamar kwata na sa'a kowanne zai tsaya a matsayinsa. Rifamfisin ana ganin tabonsa ja da ido. Aisoniyazid da firazinamaid sai an haska wata 'yar fitila ta musamman mai aiki da batir. Itambutol kuwa sai an rina farantin kafin ya fito. Idan tabon ƙwayar da ake tuhuma ya tsaya daidai da na gaskiya, girmansa da kaurin launinsa suka yi daidai, ta tsira. Idan ya fi na kashi 80 dusashewa, an tauye ta. Idan babu tabo sam, ko ya tsaya a wani wuri dabam, to, abin da ke cikinta ba shi ne abin da aka rubuta ba. Mutumin da ya yi karatun haɗa magunguna ko na aikin ɗakin gwaji yana iya koyon wannan cikin 'yan kwanaki.

Ilimi kuma bai tsaya nan ba, domin wata malama a Jami'ar Notre Dame ta Amurka, Marya Lieberman, ta ƙirƙiro wani ɗan kati na takarda mai layuka 12, kowane layi da sinadarinsa, wanda ake goga masa garin ƙwaya a tsoma gindinsa a ruwa, cikin 'yan mintuna launuka su bayyana a gwada su da hoton na gaskiya, an kuma yi aiki da shi a ƙasar Kenya. Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar waɗannan gwaje-gwaje, domin wanda ya ɗora wa abu fiye da ƙarfinsa shi ne farkon mai zubar masa da daraja. Gwajin faranti ido ne alƙalinsa, ido kuwa yana iya kasa bambance kashi 78 da kashi 85. Ba ya nuna yawan abin da jinin mutum zai tsotsa. Sinadaransa suna ƙarewa, samfurin gaskiyar ma yana tsufa, sai an riƙa sabuntawa. Sakamakonsa tuhuma ce mai ƙarfi, amma bai kai bayyinar da za a rufe shagon mutum ko a kai shi gaban alƙali da ita ba sai babban ɗakin gwaji ya tabbatar. Matsayinsa matsayin rariya ne: ya tace ɗaruruwa, ya ware 'yan kaɗan, a aika da su Kaduna ko Yaba, ta haka babbar na'ura ta sami sararin yin aikin da ita kaɗai ke iya yi. Haka nan jan fitsarin da mai shan rifamfisin ke gani, wanda wasu ke ɗauka shaidar ingancin magani, alama ce kawai ta cewa akwai sinadarin, ba ta faɗin ko ya cika.

Wannan aiki kuwa ba baƙo ba ne a cikin tarbiyyarmu. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, bai wadatu da kyan samansa ba, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, yatsunsa suka taɓo laima, ya tuhumi mai kayan a kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus. Wannan cusa hannu shi ne asalin duk wani gwaji mai sauƙi da ake yi a tsakiyar kasuwa. A kansa malamai suka gina babin hisba, har Abdurrahman Asshaizari, wanda ya rayu a ƙasar Sham a zamanin Salahuddin, ya keɓe babi guda a littafinsa Nihayatur Rutba domin masu sayar da magunguna, ya lissafa irin algus ɗin da ake yi wa kowane magani da yadda ake gane shi ta hanyar ruwa ko wuta ko ɗanɗano ko ƙanshi, ya kuma ɗora wa muhtasibi duba kayansu kowane mako. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi a kan hisba da ladubbanta. Faranti da 'yar fitila na zamaninmu ci gaban wancan ruwa da waccan wuta ne.

Alƙur'ani mai girma ya saukar da sura guda da sunan masu tauye mudu, ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana da abin da ya same su a kan awo da sikeli. To, idan wannan shi ne matsayin wanda ya rage wa mutum tafin hannu na gero, wanda mai saye zai iya ganewa idan ya koma gida ya sake aunawa, ina matsayin wanda ya rage miligiram 50 daga ƙwayar da rai ya rataya a kanta, wanda mai saye ba shi da wata hanyar ganewa har sai huhunsa ya ba shi labari? Tun da yake majinyaci ba zai iya auna wa kansa ba, aunawar ta zama farilla ta kifaya a kan al'umma, idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya bari, laifin ya hau kan duk mai iko da mai ilimin da ya yi shiru. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohi, waɗanda ɗakunan ajiyar magani na jiha ke hannunsu, da kowace ta mallaki irin wannan akwati, ta horar da ma'aikata aƙalla biyu, ta kuma sa kuɗin sabunta sinadarai cikin kasafinta na kowace shekara, domin akwatin da aka karɓa da biki aka ajiye ba sinadari ba shi da bambanci da wanda ba a saya ba. A riƙa ɗaukar samfur ba tare da sanarwa ba, daga ɗakin ajiya na jiha har zuwa ƙaramar cibiya mafi nisa, musamman a ƙarshen bazara da tsakiyar damina, a kuma aika wanda ba a sani ba ya sayo daga kemis kamar yadda talaka ke saye. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye a Zariya ta cancanci ta sa wannan cikin darussanta, kuma tsangayoyin ilimin haɗa magunguna na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos suna da ɗalibai da malaman da za su iya ɗaukar wannan nauyi su mayar da shi aikin karatu mai amfani. A kafa ƙa'ida kuma cewa duk majinyacin da aka shaida bai yi fashi ba amma kakinsa bai washe ba, kamar yadda ake sa kakin a na'urar GeneXpert domin a ga ko cutar ta bijire, haka za a auna ragowar maganinsa a rubuta lambar rukuninsa. Abin da aka samu kuma a bayyana shi ga jama'a, mai kyau da marar kyau.

Ga 'yan kasuwar magani, musamman na Kano wadda daga cikinta kaya ke bazuwa zuwa jihohin Arewa har su tsallaka Maraɗi da Damagaram, ina cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mafi yawanku mutanen kirki ne masu neman halali, kuma ku ne farkon waɗanda jabu ke cuta, domin yana karya muku farashi yana zubar muku da mutunci. Ƙungiyarku tana da ƙarfin da za ta ajiye teburin gwaji a bakin kasuwa, duk babban kaya da ya sauka a taɓa shi kafin a rarraba. Ranar da aka san kayan Kano aunanne ne, ranar ce cinikinku zai ƙaru. Masu kemis na unguwa kuwa, alherin da ya fi girma da za ku yi wa mai tarin da ya wuce mako biyu shi ne ku nuna masa hanyar cibiya, inda gwaji da magani duk kyauta ne, maimakon ku ƙirga masa ƙwayoyin kwana goma gwargwadon kuɗin aljihunsa.

Kai kuma mai karatu, idan kai ne mai jinyar ko wani naka, karɓi maganinka daga cibiyar gwamnati ko asibitin da ke aiki da shirin tarin fuka na ƙasa, ka ajiye shi a inuwa nesa da rana da murhu da laima, kada ka ɓare ƙwaya daga mazubinta sai lokacin sha, kada kuma ka jefar da kwalin sai ka gama. Idan ka ga launin ƙwaya ya sauya, ko ta manne, ko ta yi gari, kai ta wurin ma'aikacin lafiya a ranar, a canja maka, amma kada ka yanke shan magani da ra'ayin kanka ko da kwana ɗaya. Mutumin da ya yi haƙurin haɗiye ƙwaya kusan 700 cikin wata shida ya sauke amanar da aka ɗora masa. Saura tamu, mu tabbatar masa cewa abin da muka miƙa masa magani ne cikakke. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma ba mahukuntanmu ikon tsayar da mizani da adalci.